Ga goyo, ga son tuƙi, ga tsoron ɓata muhalli

Wata ƙanwata daga unguwar Sabon Gari a nan Damagaram ta aiko mini da tambaya. Shekarunta 24, tana da ɗa ɗan shekara uku da jaririya ƴar wata bakwai. Maigidanta ɗan kasuwa ne, yakan yi mako biyu ko uku a hanyar Agadas, ya bar ƙaramar motarsa lulluɓe da tampol a tsakar gida. Ita kuwa kullum tana kan kabu-kabu, goyo a baya, yaro a tsakani, ko awo za ta ko kasuwa. Tana son ta koyi tuƙi, maigidan ma ya amince. Abin da ke riƙe ta shi ne ba ta san yadda za ta haɗa koyo da shayarwa ba, tana tsoron abin da surukarta za ta ce, sannan tana yawan jin zancen sauyin yanayi a rediyo, har take ganin idan ta fara hawa mota ita ma ta shiga sahun masu ɓata duniya. Ta ce, "Yaya, in koya ko in haƙura?"

Ƙanwata, ki koya. A duk abin da kika rubuto babu wanda ya tayar mini da hankali kamar hoton nan naki a kan babur da yara biyu, ba hular kwano a kan kowa, ɗan kabu-kabu yana kutsawa tsakanin manyan motoci. Shekara 16 ke nan ina koyar da tuƙi a garin nan, kafin nan kuma na yi shekara bakwai ina jan motar wani shirin raya karkara a yankin Magarya da Matamaye, kuma mafi yawan hatsarin da na tsaya a kansa da idona, babur ne a ƙasa. Idan babur ya faɗi da mai goyo, abin da ke fara taɓa kwalta sau da yawa kan jaririn ne, domin shi ne a waje, uwa kuma ba ta da hannun kare shi.

Batun sauyin yanayi gaskiya ne, mu da muke ganin yadda damina ke rikicewa ba sai an rantse mana ba. Amma ki ɗora nauyin a inda ya dace. Hayaƙin mai da gaz da ɗan Nijar ɗaya ke fitarwa a shekara wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne na abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa. Ƙaramar mota irin ta maigidanki tana shan kimanin lita bakwai ko takwas a kilomita ɗari cikin gari, kowace litar fetur kuma idan ta ƙone tana sakin iskar kabon da ta kai kilo 2.3. Idan zirga-zirgarki ta yini duka kilomita goma ce, ko lita ɗaya ba ki ƙona ba. Akwai wani hayaƙi a gidanki da ya fi wannan yawa, ya kuma fi shi kusa da ƙirjin jaririyarki, zan zo kansa. Yanzu dai mu fara da motar.

Ki shiga oto-ekol, wato makarantar koyon tuƙi, kada ki bari maigida ya zama malaminki na farko. Ba don bai iya ba. Wanda ya daɗe yana tuƙi ya manta yadda rashin iyawa yake, sai ya ga kamar da gangan kike kashe mota, ke kuma ki ji kamar raini ne, a koma gida ba a magana. Motar makaranta kuma tana da birki da kuloci na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, motar gida ba ta da su. Kafin ki biya kuɗi ki je ki ga motar da idonki, ki tambayi minti nawa za ki riƙa yi a kan sitiyari ke kaɗai a kowane darasi, domin akwai inda ake cika mota da ɗalibai huɗu a yi awa ɗaya, kowa ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan kin fi sakewa da mace, ki tambaya. Za a koya miki kod, wato alamomin hanya da dokokinta, sannan shigar da mota tsakanin sanduna da baya, sannan tuƙi cikin gari, kuma a kan waɗannan ne za a jarraba ki kafin a ba ki permi, wato lasisin tuƙi, na ƙananan motoci. Wani zai iya raɗa miki cewa akwai hanyar samun takardar ba tare da wahala ba. Ina roƙonki kada ki saurare shi. Na karɓi mata da yawa da suka zo mini da permi a jaka, shekara biyu, uku, ba su taɓa fita da mota daga ƙofar gida ba saboda tsoro, kuma koya musu ya fi wuya, don kunya ta riga ta shiga tsakani.

Shayarwa ba za ta hana ki ba, tsari kawai take so. Ki nemi darasin safe, tsakanin ƙarfe bakwai da tara, kafin rana ta buɗe. Ki shayar da ita ta ƙoshi daf da fitarki, ki bar ta wurin wanda ta saba da shi. A wata bakwai ta fara shan kunu, awa ɗaya da rabi ba zai gagare ta ba. Kada ki zo da ita cikin motar koyo ko da malami ya ce ba komai, don da ta yi ɗan kuka idonki zai bar hanya, haka Allah ya yi uwa. Ranar da kuka kwana ba barci saboda zazzaɓi ko haƙori, ki kira ki ɗage darasin. Wannan ki riƙe shi har bayan kin sami permi. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu a kan sitiyari ya isa mota ta bar hannunta, kuma mai shayarwa ta fi kowa sanin yadda barci ke sace mutum bai shirya ba.

Akwai ƙananan abubuwa da malamai maza ba su cika faɗa wa mata ba. Silifas yana zamewa ya maƙale ƙarƙashin birki, takalmi mai tsini kuma yana hana ki jin nauyin ƙafarki, don haka ki ajiye takalmi shafaffe mai rufi a cikin motar. Dogon hijabi ki tattare shi a cinya kada ya naɗe sandar giya, ki kuma gyara shi a fuska yadda idan kin waiga kafaɗa za ki ga gefe sosai. Zani ya zama mai sakin ƙafa. Ki jawo kujera har sai kin iya danne kuloci ƙasa gaba ɗaya gwiwarki na ɗan lanƙwashe. Mata da yawa suna zama a mazaunin da miji ya bari, suna miƙa yatsun ƙafa, sai su ɗauka su ne ba su da ƙarfi.

Kulocin nan, wanda a makaranta za ki ji ana ce masa ambiriyaj, shi ne zai ba ki haushi a makon farko. Mota za ta yi ta mutuwa a hannunki, wata rana har a tsakiyar mahaɗa, ƴan adaidaita na ta danna miki oda. Kowa ya bi ta nan. Sirrin shi ne akwai wani ɗan wuri a tsakiyar ɗagowar ƙafa inda ƙarar inji ke sauyawa, gaban motar ya ɗan ɗaga kamar tana son tafiya. Idan kin kai nan sai ki tsayar da ƙafar, ki ƙirga ɗaya, biyu, ki ɗan taɓa totur, sannan ki ƙarasa sakewa a hankali. Nakan sa ɗalibata ta yi wannan sau ashirin a fili ba tare da ta taɓa totur ba sam, har ƙafarta ta haddace wurin. Ko da motar gidanku mai canza giya da kanta ce, ki koya da mai kuloci, saboda ba ki san motar da za ki tsinci kanki a ciki ba ranar da ciwo ya tashi da dare.

Hannu da ƙafa suna koyo cikin wata guda. Ido ne ke ɗaukar lokaci, kuma tuƙi a Zinder aikin ido ne. Tun gyaran da aka yi wa garin lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018 manyan tituna sun yi kyau, kyan nan kuma yana ruɗar mutane su taka. Ki saba da duban nesa, can gaban motar da ke gabanki. Idan akuya ta tsallaka, ki ɗauka ƴaƴanta na biye. Idan ƙwallo ta faɗo titi, yaro na bayanta. Idan kin ga almajirai a gefe ɗaya ana rabon abinci a ɗaya gefen, ki sauke ƙafa tun kafin su ruga. Ɗan kabu-kabu zai wuce ki ta dama daidai lokacin da za ki karya dama, don haka sigina da wuri, madubi, sannan waigen kafaɗa, kowane lokaci. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, kada ki kusanci wajen kasuwar Dole a watanninki na farko. Bayan magariba amalanken shanu da na jakai suna shigowa ba fitila ba komai, sai kin zo daf za ki gan su. A hanyar Tanut kuma akwai tankokin mai masu fitowa daga matatar SORAZ, ki ba su wuri, kada ki manne a bayansu, kada ki yi gigin wuce su sai kin ga hanya fetal.

Doka ta ba ki kilomita 50 a awa cikin gari, amma ga lissafin da nake yi wa kowace ɗaliba a kan allo. A gudun 50 mota tana cin mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daga lokacin da idonki ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarki ta sauka a kan birki, daƙiƙa ɗayan nan ta tafi, sannan motar na bukatar kusan wasu mita 13 kafin ta tsaya, jimla wajen 27. A gudun 30 kuwa duka-duka mita 13 ne. Ma'ana, a daidai inda mai gudun 30 ta riga ta tsaya cak, mai gudun 50 ko birkin ba ta fara takawa ba. Wannan a kan busasshiyar kwalta mai tsabta ke nan, tamu kuwa rabinta yashi ya rufe. Cikin unguwa, gaban lakwal, gaban masallaci, 30 ko ƙasa da haka, duk mai odar da ke bayanki ya yi ta yi.

Yashin lungunanmu ma yana da nasa karatu. Ki shiga da giya ta biyu, ƙafa daidai ba ƙari ba ragi, kada ki tsaya a tsakiyarsa. Idan ta kafe, kada ki yi ta danna totur, rami kike haƙa wa kanki. Ki miƙe tayoyin gaba, ki gwada komawa baya ta sawun da kika shigo. Da damina kuma, ruwan da ke gudu a kan hanya ko a kwari ba a gwada shi, wanda bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota. Ki jira, yawanci awa ɗaya ya janye.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki duka, wato yaran a cikin mota. Mun saba ganin uwa a kujerar gaba da jariri a cinya, har muna ganin nan ne ya fi aminci tunda yana hannun uwarsa. Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma. A wannan ƙiftawar jaririya mai kilo takwas tana fizgewa da nauyin da ya fi buhun hatsi biyu, babu hannun da zai riƙe ta, komai son da ake mata. Idan kuma motar na da jakar iskar nan da ke fashewa daga gaba, ita kanta tana iya kashe jariri. Wurin yara baya ne. Jaririyar tana bukatar kujerarta ta mota, a ɗaure ta tana fuskantar baya, domin wuyanta bai yi ƙwarin riƙe kanta ba idan an ci birki da ƙarfi. Yayanta ma yana bukatar tasa mai ɗamara, don bel ɗin manya a wuyansa zai sauka. Ana samun kujerun nan wajen masu kayan gwanjo, ko a yi saƙo daga Yamai ko Kano, ki duba dai robar ba ta tsage ba, ɗamarar ba ta zare ba, maɓallin yana kamawa da ƙara. Na san kuɗi ne, amma in da ni ce zan sa shi cikin lissafin kuɗin permi tun farko, a saye su kafin ranar jarrabawa. Kada a taɓa zagaya bel ɗaya a kan babba da yaron da ke cinyarsa, nauyin babban ne zai matse yaron. A gefen ƙofofin baya, idan kin buɗe, za ki ga wani ɗan makunni, ki tura shi, daga nan ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba. Idan Allah ya kawo wani cikin, ki ci gaba da ɗaura bel, na ƙasan ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na saman ya bi tsakanin ƙirji.

Kada ki bar yaro cikin rufaffiyar mota, ko na shiga kanti in fito ne. Cikin minti goma zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da digiri goma, ki ɗora wannan a kan 42 na watan Afrilu, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri ninki uku ko fiye da na babba.

Sai fita da baya daga gida. Wannan ba daga littafi na koye shi ba. Ɗana na biyu yana da shekara biyu da ƴan watanni, wata safiya na makara, na bar shi a ɗaki yana shan koko, na buɗe ƙyaure, na shiga mota na sa giyar baya. Na duba madubi uku, ba kowa. Na fara sakin kuloci ke nan sai na ji maƙwabciyata ta ƙwalla ihu tana dukan bayan motar da tafin hannu. Da na fito, yana tsugune bayan tayar hagu yana tsintar murfin kwalba, kofin kokon na gefensa, tsakaninsa da tayar bai kai kamu biyu ba. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, a ƙasa na zauna. Madubi ba ya nuna abin da bai kai tsayin but ba. Tun ranar, ba na tayar da mota a gida sai na zagaya ta da ƙafa, kuma sai na ga kowane yaro da idona, ko yana cikin motar a ɗaure, ko yana hannun babba. Ɗanki yana daidai shekarun bin uwa a guje.

To, ga abin da zai kwantar miki da hankali a kan muhalli. Tuƙin da ke tsare yara shi ne dai tuƙin da ke tsimin mai. Mai duban nesa ba ta cin birki da ƙarfi, tana sauke ƙafa tun daga nesa mota ta gangara da kanta, duk birkin da aka ci da ƙarfi kuwa man da aka riga aka ƙona ne aka zubar. Ki tashi a hankali, ki hau giya ta gaba da wuri kada inji ya yi ta kururuwa. Idan jira zai wuce minti ɗaya, a ƙofar lakwal ko wajen mai nama, ki kashe. Injin da bai yi zafi ba ya fi shan mai, saboda haka fita biyar ƙanana sun fi fita ɗaya mai tsari ci. Ki haɗa awo da cefane da gaisuwar Inna a zagaye guda, abin da ke bayan layinku kuma ki taka da ƙafa da sanyin la'asar. Duk mako biyu ki biya wajen mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, ya auna iska da ma'auni, adadin yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Tayar da ba ta cika ba tana jan mai, tana kuma saurin fashewa a kwalta mai zafi. Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iskar inji, ki sa bakanike ya riƙa dubawa. Ba zan ce ki kashe na'urar sanyi a bazara da jaririya a baya ba, sai dai ki nemi inuwa wajen ajiyewa, ki buɗe ƙofofi zafin ya fita kafin ku shiga. Man kwalba na bakin titi yakan zo da ƙura ko gauraye, ki fi son gidan mai, kuma kada a ajiye jarkar fetur a gidan da yara suke. Idan an yi juyen baƙin mai, a bar shi wurin bakanike cikin mazubi, kada a tuttular a ƙasa ko a kwata, ruwan sama zai kai shi tafki.

Hayaƙin da na ce zan dawo kansa na murhu ne. Ki gwada wani abu gobe, ki ɗaure itacen da kike ƙonawa daga safe zuwa dare ki kai wa mai sikeli ya auna. Kowane kilo na busasshen ice yana sakin fiye da kilo ɗaya da rabi na iskar kabon ɗin nan, ki lissafa ki kwatanta da litarki ɗaya. Murhun duwatsu uku kuma mafi yawan zafinsa iska yake dumamawa, kaɗan ne ke shiga tukunya. Gawayi ya fi tsabta a ido, amma kafin a sami kilo ɗaya nasa an ƙona kilo biyar na ice ko fiye a daji. Abin da ya fi damuna shi ne wadda ke goye a bayanki lokacin da kike durƙushe kina hura wuta, ita ma tana shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutum wajen miliyan uku a shekara da hayaƙin girki na cikin gida, kuma ciwon haƙarƙari na ƙananan yara yana cikin manyan hanyoyinsa. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, gaz ɗin girki a ƙofarmu ake yin sa. Idan kina da halin abu ɗaya tak a bana saboda muhalli, ƙaramar tukunyar gaz mai kilo shida ce. Ki ajiye ta a tsaye inda iska ke shiga, nesa da mai rarrafe, ki riƙa shafa kumfar sabulu a mahaɗarta, in ta yi ƙwai to tana yoyo. Idan za ki je canji da mota, a tsaye, a tokare, kuma kai tsaye gida. Gaz yakan yanke a gari wani lokaci, don haka ki tanadi murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi wanda maƙeranmu ke yi, yana rage cin ice sosai. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki yi girkin ice a sarari, jaririya kuma a hannun wani. Da sanyi kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Tunda muna maganar ice, haihuwa ta gaba ki tuna da wankan jego. Amalanken itace guda yakan ƙare a kwana arba'in ɗin nan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin tsananin zafin jego da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ki yi shawara da ungozomar likita, ruwa mai ɗumi ya wadatar, sai a lallaɓa tsofaffi da girmamawa.

Leda ba sai na tsawaita ba, kina ganin ta a kan kowace ƙaya, mahauta kuma suna ciro ta dunƙule daga tumbin awaki. An yi dokar hana ta tun 2014, amma ga ta nan. Ki ajiye kwando da ƴan robobi masu murfi a but ɗin mota su zauna can, mai nama da mai manja su zuba miki a ciki. Kada ki ƙona leda a tsakar gida. Famfas kuwa ba zan ce ki daina gaba ɗaya ba, don a garin da yake zaune a kan dutse, ruwansa sai an jawo daga Gogo da Arunguza da Ganaram, famfo na iya kwana uku bai zo ba, wankin nafkin ma yana da nasa tsada. Ki raba, na tsumma da rana a gida, famfas da dare da ranar fita, wanda aka cire kuma a ƙulle shi kada ya kai ga kwata. Ruwan ɗaurayar kaya da na wankan yara kada ya tafi a banza, ki dasa dogon yaro ko zogale a kusa da inda motar ke kwana. Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai wadda tun 1975 take ranar dashen itace, tsakiyar damina ce, dashen yana kamawa, sai dai ki kewaye shi saboda awaki.

Abin da na gani a shekarun da nake jan mota a kudancin jihar nan shi ya sa ba na ɗaukar irin waɗannan a matsayin wasa. Dattawan Magarya da Matamaye da Mirya sun sha nuna mini gonakin da suka ce bayan farin 1984 tsirara suke, iska na kwashe shuka. Manoma suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sassabe, suna zaɓar reshe ɗaya ko biyu su gyara su bar shi ya tashi, abin da ake kira sassaben zamani. Yau gawo ne ko'ina, yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi abinci. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Zinder da Maraɗi. Idan hannunki ya faɗa, ki ɗauki yaran ki bi hanyar Matamaye da rani ki gani da idonki.

Surukarki kuma, kada ki bari ta ji a bakin mutane. Ki sa ɗanta ya fara gaya mata, sannan ki je da kanki ki durƙusa ki ce, "Inna, ina neman albarkarki, saboda jikokinki ne, in ciwo ya tashi da dare ba ya gari." Yawancin abin da ake ɗauka ƙi ne, tsoro ne, tsoron hatsari da tsoron bakin duniya. Ranar da kika fara kai ta ganin likita ko gidan suna, ki tuƙa ta kamar kin ɗauko ƙwai.

Bayan permi ya fito, kada ki ɗauki yara nan da nan. Ki tabbata takardun motar sun cika, kart giriz, wato takardar rajistar mota, da inshora da sauransu, ki sa lambar ƴan sanda 17 da ta ƴan kwana-kwana 18 a wayarki, wayar kuma ta zauna cikin jaka muddin inji na aiki. Mako biyu na farko ki riƙa fita ke da wani babba da ya iya tuƙi kuma ba mai faɗa ba, da sassafe, hanya ɗaya tak, daga gida zuwa inda kike kai awo, ku dawo. Idan kin yi ta sau goma har kin san kowane rami da kowace mahaɗa, sai ki yi ta ke kaɗai sau uku. Ranar ta huɗu ki ɗaura kujerun yaran a baya, ki jijjiga kowace da hannu ki ga ba ta motsi, ki zagaya motar da ƙafa, sannan ki ce bismillah ki murɗa makulli.